Yadda Ake Ƙulla Labarin Binciken Laifi da Yadda Ake Kwance Shi

Duk wanda ya taso ana kacici-kacici da dare a tsakar gida ya san cewa daɗin wasan yana ga amsar da ke kwance a cikin tambayar kanta. Idan mai sauraro ya gaza, ya ba da gari, aka faɗa masa amsa, sai ya dafe kai ya ce ashe abin a gabansa yake, to garin ya zama na mai tambaya halak malak. Idan kuwa amsar ta fito daga inda babu wata hanyar da tunani zai bi ya kai gare ta, yara kansu sukan ce an yi musu coge. Labarin binciken laifi kacici-kacici ne da aka shimfiɗa shi ya cika littafi: an yi kisa, ko sata, ko wani ya ɓace, ba a san wanda ya aikata ba, sannan wani mutum ya bi alamu ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga mai laifin, mai karatu kuma yana biye da shi yana ƙoƙarin riga shi isa. Rubuta irin wannan labari da karanta shi hanya ɗaya suke bi, sai dai marubuci daga ƙarshen hanyar yake farawa.

A sigarsa ta zamani, an fi danganta farkon wannan nau'i ga marubucin Amurka Edgar Allan Poe, wanda a 1841 ya buga gajeren labarin wani kisa da aka yi a birnin Faris cikin ɗakin da aka tarar a kulle ta ciki. Arthur Conan Doyle, likita ɗan Sukotilan, ya fito da tauraronsa mai bincike Sherlock Holmes a 1887, kuma ya ɗauki salon lurarsa ne daga malaminsa na koyon likitanci a Edinbara, Joseph Bell, wanda yakan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin mutumin ya buɗe baki. Agatha Christie ta fitar da littafinta na farko a 1920, ta kuma rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. A nahiyarmu ma an yi shi cikin harsunan gida: Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ƙirƙiri mai bincike Bwana Msa da Swahili a littafinsa na 1960, Kola Akinlade kuma ya yi nasa da Yarabanci.

Akwai wani tsohon labari a cikin Dare Dubu da Ɗaya da ya kamata mai son wannan fanni ya tsaya a kansa, domin yana nuna abin da ya raba labarin laifi da labarin bincike. Wani masunci ya ciro akwati daga kogin Dijla, aka buɗe a gaban Halifa Haruna Rashidu aka ga gawar wata mata, Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta ko a kashe shi. Farkon ya ƙullu sarai. Amma Ja'afaru bai binciki komai ba. Gida ya koma ya zauna yana jiran ajali, sai masu amsa laifi suka kawo kansu, ragowar sirrin kuma ya faɗo masa ne bisa katari lokacin da ya ji tuffa a aljihun 'yarsa. Labari ne mai daɗi, sai dai sa'a ce ta warware shi. Wanda yake son ganin yadda ake fitar da hukunci daga alama, ya duba ƙissar Annabi Yusufu, wadda ba ƙagaggen labari ba ce, inda mai shaida ya ce a dubi rigar: idan ta gaba ta yage ga wanda ya yi gaskiya, idan ta baya ce ga wanda ya yi. Abu ne da kowa a wurin yake iya gani da idonsa, amma mutum ɗaya ne ya tambayi abin da yake nufi. Wannan tambayar ita ce sana'ar gaba ɗaya.

Fara da laifin, kafin ka rubuta babi na ɗaya

A cikin kowane littafin bincike labarai biyu ne suke kwance. Na farko shi ne abin da ya faru a haƙiƙa, wanda mai karatu ba zai ji shi a jere ba sai a babin ƙarshe. Na biyu shi ne yadda aka tono shi, wanda ya cika sauran shafukan. Kuskuren da ya fi kashe sababbin marubuta shi ne su fara da na biyun suna fatan na farkon zai zo musu a hanya. Wannan ya fi haɗari ga masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, domin abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa, kuma idan marubuci ya kai shafi na arba'in sannan ya yanke shawarar wanda ya yi kisan, dole ya jawo hujja daga sama, masu karatu kuwa suna gane ɗinkin.

Saboda haka ka samu takarda daban, wadda ba wanda zai gani sai kai, ka rubuta laifin daga bakin wanda ya aikata shi: me ya matsa masa, yaushe ya ƙudurta, ta yaya ya samu dama, me ya yi don ya ɓad da sawu, sannan, mafi muhimmanci, a ina ya yi kuskure. Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi yana da shari'ar gona a kotu ranar Litinin. Ranar Asabar bayan sallar isha'i aka tarar an ɓalle kwaɗon adakar da ke turakarsa, aka buɗe, takardar gonar babu. Abin da mai karatu zai gani ke nan a babi na ɗaya. Abin da ke cikin takardarka ta sirri kuwa shi ne cewa ƙanin Alhaji ne ya ɗauke ta tun wata biyu da suka wuce, lokacin da yake jinyar yayan nasa, ya zaro mabuɗi daga ƙarƙashin matashin kai, ya kai takardar jingina wurin wanda ke binsa bashi. Da ya ji an sa ranar shari'a sai ya gane cewa Alhaji zai buɗe adakar, kuma idan ya tarar da kwaɗo lafiya lau takarda babu, zargi ba zai wuce wanda ya taɓa kwana kusa da mabuɗi ba. Don haka ya faki lokacin da maza suka tafi masallaci, ya ɓalle kwaɗon domin a ce ɓarawon waje ne. Kuskurensa shi ne bai ɗaga murfin ba, tunda ya san babu abin ɗauka a ciki.

Ka lura cewa ƙarfin wannan ƙulli yana ga zaton da kowa ya yi ba tare da an ce ya yi ba, wato cewa an sace takardar ne a daren da aka ɓalle kwaɗon. Mafi yawan labaran bincike masu kyau a kan irin wannan zato suke tsaye: lokacin da aka ɗauka abu ya faru, ko wanda aka ɗauka shi aka nufa da sharrin, ko wanda aka ɗauka shi aka gani cikin duhu saboda babbar rigarsa. Idan ka samu zato guda mai ƙarfi ka samu rabin littafinka.

Bayan haka ka zana jadawalin lokaci, kowane tauraro da layinsa, ka rubuta inda yake a kowane sashe na ranar, har da waɗanda ba su da hannu a komai. Idan labarin a ƙasar Hausa yake, kada ka cika shi da ƙarfe kaza da minti kaza kamar kowa yana duban agogo. Mutane da salla suke auna yini, kuma shaida zai ce maka bayan la'asar sakaliya, ko ana kiran magariba, ko an idar da isha'i ke nan. Wannan ya fi kama da gaskiya, kuma yana ba ka tazarar mintuna da mai laifi zai iya ɓuya a cikinta. Kada kuma ka manta da waya. A yau kusan kowane baligi yana da ita a aljihu, kuma mai karatu zai tambayi abin da ya hana a kira wanda ya ɓace ko a duba saƙon banki, saboda haka ka tanadi amsa tun a jadawali.

Yadda ake ɓoye alama a fili

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata marubuci ya fi daɗewa. Ƙa'idar ita ce duk wata hujja da mai bincike zai dogara da ita a ƙarshe sai ta kasance mai karatu ya riga ya gan ta, da kalmomin da ba ƙarya a cikinsu, amma a inda hankalinsa yake wani wuri. A misalinmu alama ta farko ƙura ce. A kan murfin adakar akwai tulin tsofaffin littattafan lissafin shago, ƙurar hunturu ta lulluɓe su. Idan ka rubuta cewa mai bincike ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙurar, ka riga ka faɗi amsa. Abin da za ka yi shi ne ka sa Alhaji, cikin ɗimuwa, ya daka wa uwargida tsawa ta kwashe masa littattafan ya buɗe, ita kuma ta kwashe tana atishawa tana mitar ƙura ta ɓata mata sabon zane a irin wannan dare. Mai karatu zai yi murmushi a kan halin uwargida, idonsa yana kan ko takardar tana ciki, ya wuce. Sai a babin ƙarshe zai tuna cewa ɓarawon da ya buɗe adaka ba zai tsaya jera littattafai ba, kuma ko ya mayar da su ba zai iya mayar da ƙura ba.

Dabara ta biyu ita ce ka raba alama gida biyu, ka ajiye rabin farko tun kafin ya zama yana da amfani. A babi na biyu wata maƙwabciya da ta shigo jaje ta ambata, cikin jerin labaran unguwa, cewa Liman ya tafi ƙauye ta'aziyya tun Juma'a da yamma, na'ibinsa ne yake jan salla. A babi na bakwai aka tambayi ƙanin Alhaji inda yake, ya ce a masallaci ya yi isha'i, har ya ƙara da cewa Liman ya tsawaita karatu kamar yadda ya saba. Tsakanin maganganun biyu akwai shafuka masu yawa, kuma babu ɗayansu da ke da wata ma'ana ita kaɗai. Maƙaryaci yakan ƙara wa zancensa gishirin da ba a tambaye shi ba domin ya yi kama da gaskiya, kuma a wannan ƙarin ne ake kama shi.

Akwai kuma alamar abin da bai faru ba, wadda ita ce mafi wuyar gani. Sanannen misalinta yana cikin wani labarin Holmes na 1892 kan satar dokin sukuwa, inda hujjar ita ce karen bargar bai yi haushi ba a daren, wanda ke nuna cewa ya san mutumin da ya shigo. Sauran hanyoyin ba sa buƙatar dogon bayani: ka cusa abin cikin jerin tarkacen da aka samu a aljihu ko a jaka, ka sa shi a bakin wanda ba a ɗaukar maganarsa da muhimmanci kamar yaro ko tsohuwa mai yawan surutu, ko kuma ka biyo bayansa nan take da ihu ko faɗa ko mummunan labari da zai janye hankali.

Alamun ɓad da sawu su ma sai an yi musu adalci. Kowane wanda ake zargi ya kamata ya kasance yana ɓoye wani abu na gaske, wanda ba shi ne laifin ba. Babban ɗan Alhaji ya yi ƙarya kan inda yake a daren domin zance ya tafi gidan yarinyar da mahaifinsa ya hana shi nema. Yaron shago ya sayi sabon babur a makon, amma adashi ya ɗauka, yana ɓoyewa ne saboda 'yan uwansa masu roƙo. Idan aka tono waɗannan, mai karatu ya samu ƙananan amsoshi da za su riƙe shi, kuma ya ƙara sanin mutanen gidan. Abin da ba ya halatta shi ne ka sa mutum ya yi abin zargi ba tare da dalili ba don kawai ka ruɗa mai karatu, sannan ka manta da shi. Mutum huɗu zuwa shida sun isa zargi; idan suka wuce haka, sunayensu ma sai sun gagari riƙewa.

Wane ne zai yi binciken, kuma ina ƙafarsa ke iya shiga

Marubuci da yawa suna tsallen kwaikwayon jami'in da suka gani a fim, mai baƙin tabarau da ɗakin gwaje-gwaje, alhali wurin da suka sa labarinsu yana ba su abin da ya fi wannan. Tambayar farko game da mai bincike ita ce ina yake iya shiga, kuma wa zai yarda ya yi magana da shi. Ɗan sanda namiji iyakarsa zaure a gidan da ba a shiga, kuma duk wanda ya gan shi da kaki zai kama bakinsa. Dillaliya kuwa har ƙuryar ɗaki take shiga, ta san wadda ta sayar da ɗankunnenta a ɓoye da wadda ta karɓi bashi. Wanzami, ungozoma, mai shayin bakin layi, direban adaidaita sahu, tsohuwar malamar firamare da ta koyar da rabin unguwa ta kuma san irin fuskar da kowannensu ke yi idan zai yi ƙarya, duk waɗannan suna da ido a inda hukuma ba ta da shi. Ga kuma dalili na gaske da zai sa a nemi irinsu: gida mai mutunci yakan ƙi kai ƙarar ɗansa wurin 'yan sanda saboda rufin asiri, sai a nemi wanda zai bincika cikin sirri. Yana da kyau mai binciken ya kasance da abokin tafiya da zai riƙa yin tambayoyin da mai karatu ke yi, yana kuma fassara alamu a karkace da zuciya ɗaya. Aikin da Dakta Watson ke yi wa Holmes ke nan.

Idan labarin na kisa ne, al'adarmu ta jana'iza tana sauya komai, kuma a ganina wannan shi ne filin da marubutanmu ba su gama nomewa ba. A littattafan Ingila gawa tana jiran likita ya yanka ya duba ya rubuta rahoto. A wurinmu wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa, saboda haka hujjar da ke jikin mamaci tana tafiya tare da shi, sai abin da ya rage a idon waɗanda suka yi masa wanka, su kuma an hore su da rufe abin da suka gani. Ka duba irin nauyin da ke kan mutumin da ya ga wani tabo a wuyan mamaci, yana tsakanin amanar wanka da haƙƙin jini. Sannan zaman makoki yana tara dangi na kusa da na nesa a gida ɗaya har kwana uku ko bakwai, wanda shi ne abin da Christie take wahalar samarwa ta hanyar tsare mutane a jirgin ƙasa ko a tsibiri. Matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, tana zaune tana jin duk abin da masu shigowa ke faɗa. Rabon gado kuma yana tafe, da ƙa'idojinsa sanannu na wanda ke ci da wanda ake katangewa, har da hukuncin cewa wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. Marubucin da ya san waɗannan da kyau ba ya buƙatar aron dalilin kisa daga ko'ina.

Sanin abin da kake rubutawa wajibi ne. Christie ta yi aiki a sashen haɗa magunguna na asibiti a garin Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa gubar da ke littattafanta take aiki yadda guba ke aiki. Idan za ka yi amfani da sandarewar gawa wajen ƙiyasta lokacin mutuwa, ka san cewa takan fara ne daga muƙamuƙi da wuya cikin 'yan sa'o'i, ta game jiki wajen sa'a goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma zafin bazara yana gaggauta duk wannan. Abin da ba ka sani ba ka tambayi ma'aikacin jinya, ko lauya, ko malamin da ya san gado, kafin ka rubuta.

Iyakokin wasan

A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila mai suna Ronald Knox ya jera ƙa'idoji goma na wannan fanni. Wasunsu sun tsufa, amma huɗu daga ciki har yanzu suna da amfani: a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a warware da abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a, kada katari ko wani jin jiki marar dalili ya taimaki mai bincike, kuma kada a fito da tagwaye a ƙarshe sai an riga an sanar da akwai su. Ta biyun ita ce ta fi shafarmu. Taurarinka suna iya yarda cewa aljanu ne suka ɗauke takardar, ko ɓarawon yana da layar zana, suna iya zuwa wurin mai duba, domin haka mutane suke yi, kuma mai laifi mai wayo zai ji daɗin wannan zaton har ya rura shi. Amma amsar ƙarshe sai ta zama ta hannun ɗan Adam. Haka nan mafarkin da ya nuna fuskar mai laifi, da nadamar da ta sa ya zo ya tona kansa ba tare da an ƙure shi ba, da haukan da ya kama shi a kasuwa yana faɗin abin da ya yi, duk hanyar Ja'afaru ce. Ana iya karya ƙa'ida, amma sai wanda ya ƙware: littafin Christie na 1926 ya jawo gardama mai tsawo kan ko ta yi wa masu karatu adalci, ba zan faɗi dabarar ba don kada in ɓata wa wanda bai karanta ba, sai dai duk wanda ya koma farko yakan tarar babu jimla ɗaya ta ƙarya a ciki.

Babin warwara ya zama gajere gwargwadon iko. Mai bincike ya fara da rushe zaton da kowa ya yi, ya wanke waɗanda aka zarga ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗora hujjoji biyu ko uku da mai karatu zai tuna ya gani. Kada sabon abu ko ɗaya ya shigo a nan. Ka kuma bar wuri ga abin da tonon ya jawo, domin Alhajin da ya gane cewa ƙanin da ya yi jinyarsa ne ya zare masa mabuɗi daga ƙarƙashin kai bai samu sauƙi ba don an gano gaskiya, kuma yadda zai dubi ɗansa da ya zarga a banza wani abu ne da ya cancanci shafi ɗaya ko biyu.

Karatu da idon mai bincike

Wanda ya fahimci yadda ake ɓoyewa ya riga ya san inda zai duba. Yayin karatu ka raba abin da aka gani da abin da aka ce: cewa an ga mutum sanye da rigar wane daban yake da cewa an ga wane, kuma cewa an ji murya a ɗaki ba ya tabbatar da mai ɗakin yana da rai a lokacin. Ka yi hattara da wurin da marubuci ya wuce da sauri ko ya sa ka dariya, ka sake duba duk wani jerin kaya, ka kuma tambayi dalilin da ya sa aka gaya maka abin da kamar ba shi da amfani, tunda a littafin da aka tsara da kyau babu abin da ya shigo a banza. Marubutan Amurka biyu da suka yi rubutu da sunan Ellery Queen sukan tsayar da labari kafin ƙarshe su sanar da mai karatu cewa duk hujjojin sun riga sun shiga hannunsa. Kana iya yi wa kanka haka da kowane littafi: ka rufe shi kafin babin warwara, ka rubuta sunan wanda kake zargi da hujjarka, sannan ka ci gaba. Mai son koyon rubutu kuwa sai ya sake karanta littafin daga farko da fensir, yana sa alama a duk inda aka dasa hujja, yana duban jimlar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Karatu na biyu na littafi guda mai kyau ya fi koyar da sana'ar fiye da karatun farko na littattafai goma.

Haka za ka gwada naka idan ka gama. Ka cire babin ƙarshe, ka ba mutum uku da ba su san shirinka ba, ka ce kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. Idan duk ukun suka kama ƙanin Alhaji tun daga atishawar uwargida, ƙurar ta yi yawa, sai ka rage ta ko ka ƙara hayaniya a kewayenta. Idan babu wanda ya kama shi, ka ba su babin ƙarshen ka zauna kana kallon fuskokinsu: wanda ya koma baya da sauri yana neman shafin da aka ce Liman ya tafi ƙauye, aikinka ya yi a wurinsa, wanda ya ɗago ya tambaye ka yaushe aka faɗi haka, to maganar maƙwabciyar ta nutse da yawa, sai ka koma babi na biyu ka sa wani ya amsa mata, ko da da tambayar wane ne ya rasu a ƙauyen.